Yadda na gyara babur da ya fara tari bayan an ari na'urar saitin inji

A garejinmu na Agege mutum uku ke amfani da na'urar saiti guda, wadda ake jonawa da kwamfutar babur mai injekta (abin da ke fesa wa inji mai) don daidaita yawan man da injin ke sha. Aka ɗora wa wani babur saitin da aka yi wa mai buɗaɗɗiyar salansa, alhali tasa ta kamfani ce. Sai ya riƙa shan mai, yana tari, filogi ya yi baƙi ƙirin da toka. Mai ya fi iska yawa ke nan.

Da farko na auna batir, don bai kamata ya gaza volt 12.4 ba, in wuta ta yanke ana cikin loda saiti, kwamfutar na iya lalacewa. Na mayar da saitin kamfani, na wanke matatar iska, na sa sabon filogi. Daga nan na riƙa gyara man da kashi 2 cikin ɗari, ina gwadawa bayan inji ya yi zafi. Ma'aunin da ake nema iska 14.7 ga mai 1 a tafiyar hankali, kusan 13 in an murɗa totur. Kada a rage mai fiye da haka, don ƙarancin mai na ƙara wa inji zafi, cunkoson Legas kuma zai dafa injin.

Kafin a ba wani aron na'urar, a adana saitin asali da lambar babur ɗin. Wasu na'urorin ma kulle kansu suke yi da babur ɗaya.