Yadda ake amfani da maganin gargajiyar Sin kan raunin gudanar jini a ƙafafun mai ciwon sukari

Ciwon sukari idan ya daɗe a jiki yana cutar da ƙafa ta hanyoyi biyu. Yana sa kitse ya taru a bangon jijiyoyin da ke kai jini ƙafa har su tsuke, sannan yana kashe jijiyoyin da ke sanar da mutum zafi da ciwo, ta yadda zai iya taka ƙusa ya wuni bai sani ba. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, domin ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya na shekarar 2021 ya kai manya kimanin miliyan 140, kuma a asibitocinta da dama ana haɗa maganin gargajiya da na zamani a jinya ɗaya. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, yawancin gwaje-gwajen da aka yi kan waɗannan magunguna ƙanana ne kuma tsarinsu yana da rauni. Wasu sun nuna sauƙin raɗaɗi da sanyin ƙafa, amma babu saiwar da aka tabbatar tana buɗe jijiyar da ta riga ta toshe. Saboda haka matsayinsu na ƙari ne a kan maganin asibiti, kuma a kan wannan fahimta aka tsara matakan da ke tafe.

Mataki na farko shi ne a je asibiti a auna ƙafar kafin a sha komai. Ciwon sharaɓa da ke tasowa idan an yi tafiya ya lafa idan an tsaya, da sanyin tafin ƙafa, da zubewar gashin ƙwauri, alamun ƙarancin jini ne, alhali jin kamar ana tsira allura ko ƙafa ta mutu ya fi alaƙa da lalacewar jijiyoyin ji, kuma sau da yawa matsalolin biyu suna haɗuwa a mutum ɗaya. Likita zai taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, sannan ya auna ƙarfin jini a idon sawu ya raba adadin da na damtse a lissafi. Sakamakon da ke tsakanin 1.0 da 1.4 daidai ne, 0.9 ko ƙasa da haka yana nuna tsukewar jijiya, wanda ya haura 1.4 kuma yakan nuna jijiyoyin sun ƙanƙare, abin da ya zama ruwan dare ga masu sukari, sai a koma awon a babban yatsa. A nemi gwajin ƙoda da na hanta a wannan zuwan, domin su ne za su ɗauki nauyin duk wani magani da za a ƙara.

Mataki na biyu shi ne neman ƙwararren likitan gargajiyar Sin mai lasisi, a kuma kai masa sakamakon asibitin tare da jerin duk magungunan da ake sha. A Sin wannan sana'a tana da jami'o'inta da jarrabawar lasisi, kuma dokar da ke kula da ita ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2017, don haka wanda ya je Guangzhou fatauci ko jinya gara ya nufi asibitin gwamnati maimakon shagon saiwoyi na gefen titi. Likitan zai duba launin harshe da abin da ya lulluɓe shi, ya saurari murya da numfashi, ya yi tambayoyi kan ƙishi da fitsari da barci, sannan ya dafa bugun jini a wuyan hannu biyu. A fahimtarsu ciwon sukari shi ne xiaoke, wato ƙishi mai ramarwa, matsalar ƙafa kuma suna danganta ta da raunin qi, ƙarfin da suke cewa shi ke tura jini, da kuma daskarewar jinin kansa. Daga nan ne likita ke tantance rukunin da mara lafiya ya faɗa, kuma shi ya sa mutum biyu masu ciwo iri ɗaya za su iya fitowa da takardun magani daban.

Haɗe-haɗen da aka fi rubutawa tsofaffi ne. Ga mai kasala da mutuwar ƙafa akan ba da Buyang Huanwu Tang, wanda likita Wang Qingren ya wallafa a 1830 domin masu shanyewar ɓarin jiki. Saiwar huangqi ce ta mamaye shi, kusan giram 120 a asalin haɗin, sauran shida kuma giram kaɗan kaɗan ne: danggui, chishao, chuanxiong, ƙwallon taoren, jan furen honghua da dilong. Wannan na ƙarshen busasshiyar tana ce, kuma yana da kyau wanda ke kula da abin da ya halatta ya ci ya san haka, kamar yadda ya kamata ya tambaya ko an jiƙa wani magani a cikin giya, domin ana yin hakan da yawa. Ga mai sanyin gaɓoɓi akwai Huangqi Guizhi Wuwu Tang na Zhang Zhongjing, wanda ya rayu a ƙarshen daular Han wajen shekara ta 200, kuma ya ƙunshi huangqi da reshen kirfa da baishao da ɗanyar citta da jan dabinon Sin, ɗan uwan magarya. Idan ƙafa ta yi ja da zafi da kumburi sukan koma ga Simiao Yong'an Tang, amma a ganina duk ƙafar da ta kai wannan hali ta wuce zancen dafa saiwa, wurinta ɗakin jinya ne inda za a wanke gyambo a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a kai takardar wurin likitan asibiti ko mai haɗa magani ya duba ta kafin a fara sha. Yawancin masu tsukewar jijiya suna shan asfirin ko clopidogrel, wasu kuma warfarin, dukkansu masu tsinka jini ne. Saiwar danshen da danggui suna ƙara ƙarfin warfarin har mutum ya riƙa zubar da jini, kuma suna yawan shiga magungunan da Sinawa ke cewa suna motsa jini. Gancao, saiwa mai zaƙi da ke shiga haɗi da yawa, tana ɗaga hawan jini ta rage sinadarin fotasiyam idan an daɗe ana sha. Fuzi, da ake bai wa masu tsananin sanyin gaɓoɓi, yana da gubar da ke rikita bugun zuciya idan ba a sarrafa shi daidai ba. Sai kuma guan mutong da guang fangji masu lalata ƙoda, waɗanda duniya ta farga da haɗarin irinsu a farkon shekarun 1990, lokacin da mata fiye da 100 a ƙasar Beljiyam suka samu ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da guang fangji ta shiga cikinsa, kuma Sin ta cire guan mutong daga amfani a 2003. Mai sukari, wanda ƙodarsa dama tana cikin haɗari, ba shi da rarar da zai yi wannan kasada. Haka nan a yi hattara da ƙwayoyin kwali da ake tallata su a kasuwa da intanet, domin hukumomin ƙasashe da dama sun sha kama waɗanda aka cusa wa glibenclamide, wani maganin sukari na asibiti, a ɓoye, abin da ke iya faɗar da sukari har mutum ya suma. A Nijeriya a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a kuma guji duk kwalin da ba a iya karanta abin da ke cikinsa.

Idan likitocin biyu sun amince, dafawar ba ta da wahala. Ana jiƙa ƙunshin rana ɗaya a ruwan sanyi na minti 30 a tukunyar ƙasa ko ta tangaran, ban da ta baƙin ƙarfe ko alminiyam, a tafasa, a rage wuta na minti 20 zuwa 30, a tace, a sake zuba ruwa a maimaita, sannan a haɗa ruwan biyu a raba safe da yamma. Kada a sa zuma ko sukari don rage ɗaci. A makonnin farko a ƙara yawan awon sukari, kuma a dakata nan take idan an ga haɓo, ko jini a dasashi, ko baƙin bayan gida, ko ƙuraje, ko kumburin fuska.

Mataki na huɗu ya shafi abin da ake yi wa ƙafar daga waje, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Jiƙa ƙafa a ruwan magani mai ɗumi al'ada ce mai ƙarfi a Sin, amma ƙafar da ba ta jin zafi tana iya salewa mai ita yana zaune yana hira, ƙunar da ba ta samun isasshen jini kuma ba ta warkewa da wuri. Ƙwararrun kula da ƙafar masu sukari ba sa son jiƙawar gaba ɗaya. Wanda likita ya yarje masa ya auna ruwan da ma'aunin zafi kada ya wuce digiri 37, ya taƙaita lokacin, ya goge tsakanin yatsu sosai, kuma kada ya kusanci ruwan idan akwai tsaga ko rauni. Gasa jiki da ganyen aiye, ɗan uwan tazargade da ake kunnawa kusa da fata, da ƙaho da kankare fata, duk a nisantar da su daga ƙwauri zuwa ƙasa. Tsira siraran allurai aikin ƙwararre ne da allurar da ba a taɓa amfani da ita ba, kuma ba a tsira ta a fatar da jini ya ƙaranta. Abin da za a iya yi a gida shi ne danna gurbin Zusanli da yatsa a hankali na minti ɗaya ko biyu, yana nan faɗin yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ta wajen ƙashin ƙwauri. Gurbin Sanyinjiao, yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, an hana mai juna biyu taɓa shi, kuma ba a yi wa ƙafa guda da ta kumbura farat ɗaya tausa, domin mai yiwuwa gudan jini ne.

Mataki na biyar shi ne motsa jiki, wanda hujjarsa ta fi ta duk saiwoyin da aka ambata ƙarfi. Tsarin da aka gwada shi ne tafiyar minti 30 zuwa 45, aƙalla sau 3 a mako na tsawon makonni 12, mutum ya yi tafiya har sharaɓa ta fara ciwo, ya huta, ya ci gaba, cikin rufaffen takalmi da safa. Taiji, motsa jiki a hankali irin na Sinawa, da Baduanjin, motsi takwas masu sauƙi, waɗanda tsofaffi ke yi a lambunan biranen Sin da sassafe, suna taimakawa wajen daidaita tsayuwa ga wanda ƙafarsa ta mutu. Barin taba da ci gaba da shan maganin sukari da na rage kitsen jini suna nan daram, ba a ajiye ko ɗaya saboda an fara na gargajiya.

Bayan wata uku a koma asibiti a maimaita awon farko, a gwada shi da nisan da ake iya tafiya kafin ciwo ya taso, idan babu canji a daina kashe kuɗi kan haɗin. A tsakanin haka a riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, ko da da madubi ne. Ciwon ƙafa da ke hana barci, da yatsan da ya fara baƙi, da raunin da ke wari ko fitar da ruwa, suna buƙatar ganin likita a ranar. Ƙafar da ta yi sanyi da fari da tsananin ciwo farat ɗaya kuwa a garzaya da mai ita sashen gaggawa, domin naman da jini ya yanke wa yana fara mutuwa cikin kimanin awa 6.