Yadda Ake Shimfiɗa Bututun Ruwa a Sabon Gini

Aikin famfo a gida kashi biyu ne. Akwai bututun da ke kawo ruwa mai tsabta, shi da ƙarfin matsi yake aiki. Akwai kuma wanda ke fitar da ruwan datti, shi kuwa gangare kaɗai ke tafiyar da shi. Waɗannan biyun ba a yarda su haɗu ko'ina a cikin gida, kuma kowannensu halin ruwa ne ke nuna yadda za a ɗora shi.

Da farko ka zauna da takarda tun ba a yi daɓe ba. Ka sa alamar inda kicin, banɗaki da wurin wanki za su kasance. In da hali, su jingina da bango ɗaya, domin gajeren bututu ya fi dogo riƙe ƙarfin ruwa, wuraren da za su iya yoyo ma sun ragu.

Sai maganar tanki, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan tankin lita 1,000 in ya cika, tan ɗaya ke zaune a kan abin da aka ɗora shi, ban da nauyin tankin kansa. Kada a ɗora shi a kan rufi ko ƙarfen da ba a yi wa wannan lissafi ba. Abu na biyu, ƙarfin ruwa daga tsayi yake zuwa, faɗin tanki ba ya ƙara masa komai. Duk mita 10 na tsayin ruwa suna ba da matsi kusan bar 1, wato ma'aunin nan da ake gani a jikin agogon injin tura ruwa. Tsayin da ake nufi shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan tanki da bakin shawa. Idan tazarar mita 3 ce, matsin bai wuce bar 0.3 ba. Mutum zai sayi ƙaton tanki ya ajiye shi dab da kan shawa, sannan ya riƙa mamakin yadda ruwa ke tsiyaya kamar hawaye. Maganin shi ne a ƙara wa tankin tsayi, ko a sa injin.

Daga tanki a sauko da babban bututu, inci ɗaya ko fiye, sannan a rarraba da ƙanana, a ƙare da rabin inci a bakin kowane famfo. Dalili kuwa, in aka ninka faɗin bututu sau biyu, hanyar ruwan ta buɗe sau huɗu. Kowace gwiwa da aka sa tana rage ƙarfi, don haka a taƙaita lanƙwasa. A sa makulli a gindin tanki, a sa wani a ƙofar kowane banɗaki, don ranar gyara kada gida duka ya rasa ruwa.

Wajen haɗi, kowane bututu da irin nasa. Bututun roba na PVC da gam ake haɗa shi, bayan an yanke daidai an goge bakin. PPR, wani bututun roba mai jure ruwan zafi, da zafi ake narkar da bakinsa, kusan digiri 260, a cusa kai tsaye ba tare da murɗawa ba. PVC na gama-gari ba na ruwan zafi ba ne, yana yin laushi. Inda bakin yake da zaren ɗauri irin na noti, a naɗa farin tef a bi hanyar da ake murɗawa wajen ɗaurewa.

Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Shi ya sa in aka rufe famfo farat ɗaya, ruwan da ke gudu yakan daki bututu har a ji ƙwal a cikin bango, kuma a hankali dukan yana sassauta haɗi. A ɗaure bututu da maƙalai a jikin bango. Zafi ma yana kumbura ruwa, kusan kashi 4 cikin 100 daga sanyi zuwa tafasa, saboda haka ƙaramin bawul ɗin da ke jikin hita yana ɗiga jefi-jefi aikinsa yake yi, kada a toshe shi ko da wasa. A ƙasashen sanyi kuma, ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ke fasa bututun da aka bari a waje ba rufi.

Yanzu ɓangaren datti. Masai inci 4 yake buƙata, wurin wanke hannu da na kwanuka inci ɗaya da rabi zuwa 2. Gangaren ya zama kusan santimita 2 a kowace mita, a gwada da ma'aunin lebur, kada a dogara da ido. Bututun da ya kwanta ko ya yi ciki a tsakiya, nan datti zai taru. A ƙarƙashin kowane kwanon wanke hannu ko na kicin a sa lanƙwasasshen bututun nan mai siffar U da ke riƙe ruwa. Ɗan ruwan da ke zama a cikinta, kamar santimita 5, shi ke hana wari da ƙwari dawowa ɗaki. Amma in babu bututun iska da ya fita ta saman rufi, ruwan masai in ya sauko yakan zuƙe wancan ɗan ruwan, sai a ji ƙululu, wari ya biyo baya. Duk inda bututu ya karya kwana a waje, a gina ƙaramin rami mai murfi don zura sanda in bututun ya toshe.

Kafin mai filasta ya zo, a toshe bakunan, a cika layin ruwa mai tsabta da ruwa, a fitar da iska ta famfon da ya fi tsayi. A yi alama a jikin tanki, a bar shi awa 24. In ruwa ya sauka daga alamar, a bi haɗi ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsumma har a gano wurin. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, da awo a jiki, domin bayan an manna tayil hoton ne zai gaya maka inda ba za a buga ƙusa ba.