Idan naka yana tsare: yadda za ka kare shi daga masu lalata da shi, da inda za ka kai ƙara

Maganar nan ba a son ɗauko ta a majalisa, amma duk wanda ya taɓa bin layin ziyara a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano da kular abinci a hannu ya san abin da ke cin ran iyaye ba yunwar yaron kaɗai ba ce. To bari mu yi ta a fili. Ko mutum yana bayan kanta a caji ofis ko yana gidan yari, ba wanda ke da ikon taɓa jikinsa, ɗan ɗakinsu ne ko mai kaki. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin kowa, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta sa fyaɗe cikin azabtarwa, jami'in da aka kama da laifin zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25.

Sau da yawa abin ba da ƙarfi yake farawa ba, da bashi yake farawa. Sabon shiga ba shi da sabulu, ba bargo, gabzar ma ta ƙi shiga, sai wani tsohon hannu ya ce ƙanena zo ka kwanta nan kusa da ni, ga gari ga sikari ga ƙuli, bayan sati biyu kuma ya ce a biya. Shi yasa nake cewa sabulun wanka da omo da garin kwakin da za ka kai masa sun fi doguwar nasiha amfani. Ka faɗa masa ƙarara, kar ya ci bashi kar ya karɓi kyautar da bai san dalilinta ba, abin da yake so ya jira ranar ziyara. Kuma ku riƙa zuwa, ko da karɓa-karɓa ne tsakanin ƴan uwa, don wanda aka ga ba mai leƙo shi shi ake fara rainawa.

In yaro ne bai kai 18 ba ku ruga da takardar haihuwarsa ko ta makaranta tun yana caji ofis, kar ku bari a ƙara masa shekaru a takarda a haɗa shi da manya, gidan horon yara ne wajensa. Mace kuwa ɓangarenta daban, kuma mata ne ya kamata su caje ta su kula da ita, haka dokokin Mandela, wato ƙa'idojin kula da fursunoni na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, suka ce. Sannan ku matsa a kan beli, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, in ba kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, kyauta ne.

Na taɓa raka gwaggona ziyarar ɗanta a wani gidan yari, yaron da baki ba ya rufuwa a gida ranar kansa na ƙasa, ko hannunsa bai yarda ta riƙe ba, abin da kawai yake maimaitawa shi ne Umma a canza min ɗaki. Ita kuma tana ta faɗa wai ya yi haƙuri shi ya jawo wa kansa. Irin wannan roƙon kar ka wuce shi. Amma kar ka ce an yi maka wani abu ne a gaban gandiroba da mutum goma, ba zai amsa ba. Ka tambaye shi wa yake kwana kusa da shi, yana samun barci, akwai wanda ke binsa bashi. In ka ga alama ka turo lauya, shi yana iya neman ganinsa a keɓe. Ranar da ya buɗe baki kuma, kalmar farko ita ce ba laifinka ba ne, don namiji musamman tsoronsa a ce masa ɗan luwaɗi, alhali wanda aka tilasta ba shi ya yi laifi ba.

Daga nan sai gaggawa, don agogo tun lokacin da abin ya faru ya fara. Maganin kariya daga HIV, wanda likitoci ke ce wa PEP, sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana sha kwana 28. Mace ma maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kwanaki kaɗan gare shi. Lauya ya nemi a fito da shi asibiti a rubuce, akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, kuma ku tabbata likita ya rubuta rahoto. Kayan da ke jikinsa kar a wanke, a naɗe su a takarda, leda tana ɓata shaida.

Ƙara kuma kar ka kai da baki, kar ka kai wa mutum ɗaya. Rubuta rana, lokaci, ɗakin, da wanda ya gani. Kwafi ɗaya ga shugaban gidan, ɗaya ga kwanturolan hukumar gidajen gyaran hali na jiha, ɗaya ga ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta ƙasa da ke nan Kano, in mace ce ko yaro ka haɗa da lauyoyi mata na FIDA. In a hannun ƴan sanda abin ya faru, kwamishinansu za ka rubuta wa a hedikwatarsu da ke Bompai. Duk inda ka miƙa a buga maka hatimi a naka kwafin, in ba haka ba gobe a ce ba a ga takarda ba.

Za a zo maka da maganar sulhu, a ce a rufa asiri, kar ka yarda, haka nan kar ka ɗora sunansa da hotonsa a Facebook don zafin rai, shi yana ciki kai kana waje. A takardar farko ka nemi a raba shi da wanda ake zargi a ranar, sannan a zaman kotu na gaba lauya ya faɗa a gaban alƙali don ya shiga rikodin.