Yadda Ake Ƙera Motar Tsere Mai Bin Layi Irin Ta 1957

Motocin wasan Scalextric ƙananan motocin lantarki ne masu bin tsagi a kan hanyarsu, suna ɗaukar wuta daga layukan ƙarfe da ke gefen tsagin. Na farkonsu, da suka fito a Ingila a 1957, da langa-langa aka yi jikinsu, kuma cikinsu akwai Maserati 250F, motar da direban tsere Fangio ya ci gasar tseren motoci ta duniya da ita a shekarar. Duk yaron da ya taɓa yanka gwangwani ya yi mota a ƙauyen Ringim ko Gaya ya iya rabin aikin. Tsawonta kada ya wuce santimita 13. Jikin siriri ne, tayoyi a waje.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne harshe, ɗan abin da ke shiga tsagin hanya yana jan motar. Sai mutum ya ɓata kwanaki yana gyaran jiki, ya manne harshen da gam ya kafe shi, kwanar farko motar ta yi tsalle ta bar hanya. Dole harshen ya riƙa juyawa. A yanko shi daga roba mai tauri, a ɗaura shi da ƙaramin noti gaban tayoyin gaba, a bar shi sako-sako. Zurfinsa kada ya kai ƙasan tsagin, in ya taɓa zai ɗaga gaban motar.

Gefen harshen biyu ake sa saƙaƙƙiyar waya mai ɗaukar wuta daga layin zuwa inji. A feɗe guntun wayar dish a zaro saƙar ciki, ta tagulla nake nufi, mai arahar nan ba ta kama dalma. A baje ta, a tsefe bakin da allura, ta kwanta lif a kan layin. In ta yi tauri, mota za ta riƙa tafiya tana shaƙewa.

Inji kuwa na tsohuwar DVD ya isa, masu gyaran rediyo ranar kasuwa kusan kyauta suke bayarwa. Amma cajar waya mai bolt 5 za a ba shi, batirin sola mai 12 ƙona shi zai yi.

Hanya ba sai an nemi injin kafinta ba. Filawud biyu a kan ɗaya, a bar ratar milimita 3 tsakani, a shimfiɗa wayar tagulla gefe da gefe. Tayoyin baya a naɗe su da tsohon tub na keke, a manna ɗan noti a ƙasa don nauyi. Fenti ja, launin tseren Italiya, sai an gama gwaji.