Yadda na cire fentin feshi daga bindigar farauta

Bindigar farautar Baba ce, wani yaro nan Tawa ya feshe ta da koren fenti, wai ado. Kananzir bai yi komai ba, sanfefa kuwa har baƙin ƙarfen take ci.

Asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da fenti, shi ne ya fisshe ni. Allah Ya saka wa maƙerin da ya nuna mini. Na tabbatar babu harsashi, na raba itacen da ƙarfen. A tsakar gida, nesa da murhu, na jiƙa tsumma na naɗe bututun minti 5, fentin ya yi laushi ya biyo tsumman. Lungun kunamar bindigar sai da tsohon buroshin haƙori.

Itacen kam ban bari asiton ya taɓa shi ba, yana cinye ƙyallinsa. Da katin roba na kankare. Nan take na shafa wa ƙarfen mai, don asiton yana kwashe maiƙon da ke hana tsatsa.