Kuɗin rajistar jami'a: ku daidaita kwasar adashi da lokacin biya

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga masu yaro a aji shida na sakandare, ga abin da ya fisshe ni bara.

Idan za ku shiga adashi, tun ranar farko ku roƙi uwar adashi ta sa kwasarku ta faɗo daf da buɗe rajista. Ni da farko na karɓi kwasa ta biyu, wata biyar kafin lokaci. Kafin in farga biki ya ci rabi, gyaran rufin ɗaki ya lashe sauran. Da na sake zubi sai na nemi ta ƙarshe, ranar da na karɓa ranar na biya, ko kwana ba su yi a hannuna ba.

Wanda bai yarda da adashi ba, ya buɗe asusu daban, kada ya karɓi katin ATM. Mai fili a gida kuma ya sayi ɗan rago bayan Layya, lokacin da farashi ya sauka, ya turke, ya sayar idan lokacin rajista ya yi.

Sannan kada ku raina bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rancen karatu, da aka fara a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma ana ba shi ₦20,000 a wata. Sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Yaro ya tanadi NIN, BVN da lambar JAMB, kuma ku duba sunansa iri ɗaya ne a dukkansu, don harafi ɗaya kan jawo jinkiri.