Babi na Biyar: Koyar da Yara da Matasa Maganar Allah da Abin da Ke Hannu

Wata rana aka tambayi Yesu ko daidai ne a biya wa Kaisar, sarkin Roma, haraji. Bai fara da dogon bayani ba. Ya ce a nuna masa kuɗin da ake biyan harajin da shi, aka kawo masa dinari. Ya tambaya hoton wa da sunan wa ke jiki. Sai da suka amsa da bakinsu, sannan ya faɗi abin da zai faɗa. Labarin yana Matiyu 22:15-22.

Ku lura da yadda abin ya bi: ya nuna, ya tambaya, sannan ya faɗa. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan duk darussan da ke wannan babi. Malamin da ya juya shi, ya fara da wa'azi, ya ciro kayan daga baya, zai tarar yara sun riga sun tafi da hankalinsu wani wuri.

Hanyar kuwa tsohuwa ce. Allah ya aiki Irmiya gidan maginin tukwane ya ga yadda ake sake gina tukunyar da ta lalace (Irmiya 18). Joshuwa ya sa aka ɗebo duwatsu 12 daga Kogin Urdun aka kafa, domin in yara sun tambaya me duwatsun ke nufi, iyaye su sami abin faɗa (Joshuwa 4). Gani ya kori ji.

Kafin ranar darasi

A fara da aya, ba da kaya ba. Ku zaɓi ayar, ku karanta abin da ke gabanta da na bayanta, sannan ku rubuta gaskiya ɗaya da kuke so yara su tafi da ita. Ku rubuta ta a jimla ɗaya wadda ba ta wuce kalma goma ba. In ta ƙi shiga jimla ɗaya, darasi biyu ne kuka haɗa, ku raba. Bayan haka ne za a nemi abin da zai nuna ta.

Ku gwada abin a gida sau biyu, da ainihin kayan da za ku je da su. Yawancin darussan da ke watsewa a gaban yara, rashin wannan gwaji ne. Ku tanadi na ko-ta-kwana: ashana biyu, zare isasshe, tsumman goge ruwa. Ku sa kayan a jaka ko kwali, kada a gani sai lokacinsu ya yi.

Ga 'yan shekara 4 zuwa 6, minti biyar ya isa. 'Yan 7 zuwa 11 za su iya bin ku minti goma. Ƙanana suna ɗaukar magana yadda ta fito. In kun ce Yesu ƙofa ne, wani zai tambaya ina marikinsa. Don haka da su a riƙa cewa "kamar", a kuma maimaita.

Zare da almakashi

Aya: Yahaya 8:34-36. Gaskiyar darasi: zunubin da aka saba da shi yana ɗaure mutum.

Kaya: zaren ɗinki na auduga, almakashi, fensir biyu.

1. Yaro ɗaya ya riƙe fensir a kowane hannu, a tsaye, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu.
2. Ku naɗa zaren sau ɗaya a kan fensiran biyu, ku ƙulla. Ku ce ya tsinka. Zai tsinka ba wuya.
3. Ku naɗa sau uku. Zai tsinka, amma da ɗan ƙoƙari.
4. Ku naɗa sau 20, yara suna ƙirgawa da ƙarfi. A kowane naɗi ku ce, "Ƙarya ɗaya ce kawai." Yanzu ba zai iya ba.
5. Ku tambaya: "Zaren ya canja ne? To me ya canja?" Ku jira su amsa.
6. Ku yanke zaren da almakashi, ku karanta aya ta 36.

Mataki na shida shi ne zuciyar darasin, kuma shi ne ake yawan yi da gaggawa. Yaron bai kuɓutar da kansa ba, wani ne ya zo da abin yanka. In kuka tsaya a mataki na biyar, kun koya musu tsoro kawai.

Kada a naɗa zaren a wuyan hannun yaro, ko da kun ga wasu suna yi. Zaren roba, irin mai sheƙi, ba ya tsinkewa da wuri, yana yanka fata. Shi ya sa muka ce auduga, muka ce fensir. Sannan kada a kira yaron da kowa ya san ana zarginsa da ƙarya ko ɗauke-ɗauke ya riƙe fensiran. Darasin zai koma tonon silili, kuma abin da zai tuna ke nan har ya girma.

Gida biyu

Aya: Matiyu 7:24-27.

Kaya: babban tire mai zurfi, dutse mai faɗi da shimfiɗaɗɗen kai, yashi kamar kofi huɗu, guntayen katako biyu masu girma ɗaya, ruwa lita biyu.

Ku sa dutsen a gefe ɗaya na tiren. A ɗaya gefen ku tara yashin, tsayinsa daidai da dutsen, ku ɗan yayyafa masa ruwa don ya tsaya. Ku ɗora katako ɗaya a kan kowanne. Yara su zana ƙofa da taga a jikinsu tun da farko, iri ɗaya. Ku tambaya wane gida ya fi kyau. Amsar ita ce babu, duk ɗaya suke. Sai ku zuba ruwa a hankali a gindin kowanne, adadi ɗaya, ku fara da na dutse.

Abu uku ke ɓata wannan darasi. In an yi gidan da kwalin ashana ko takarda, ruwa zai kwashe har na kan dutsen, don ba shi da nauyi. In an daddanne yashin sosai, ko yana haɗe da laka, zai ƙi zubewa, yara kuma su yi ta dariya. In an kwara ruwan daga sama da ƙarfi, duka biyun za su faɗi. A gindi ake zubawa, domin tushe ake gwadawa.

Akwai kuskure na huɗu da ya fi waɗannan, shi kuma a bakin malami yake. Wasu kan ce mai gidan dutse shi ne mai zuwa majami'a, mai gidan yashi shi ne wanda ba ya zuwa. Ku sake duba ayar. Dukansu sun ji maganar Yesu. Ɗaya ya aikata, ɗaya bai aikata ba. Dukansu kuma ruwa ya buge su. Kada yaro ya tafi gida da tunanin cewa mai bi ba ya shan wahala.

Fitila a ƙarƙashin kwano

Matiyu 5:14-16 yana da sauƙin nunawa, amma a ɗaki mai haske da rana tsaka harshen kyandir ba ya wani tasiri. Ku rufe tagogi, ko ku yi shi da yamma. Da ƙananan yara a yi amfani da tocila, a kifa mata kwano, a buɗe. Da manya ana iya kunna guntun kyandir a kan faranti, a kifa masa kofin gilashi. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan zai dushe ya mutu, domin wuta tana cin iskar oksijin, wadda kusan kashi 21 cikin 100 ce kawai ta iskar da muke shaƙa. Malami kaɗai ke taɓa ashana, kuma gindin kofin yana yin zafi. Kada a kifa kwanon roba a kan wuta.

Ƙasa iri huɗu

Wannan darasi na mako uku ne, daga misalin mai shuka a Markus 4:3-20. Ku sami gwangwani huɗu, ku huda gindin kowanne da ƙusa don ruwa ya riƙa fita. Na farko a cika shi da ƙasa a daddanne ta kamar hanya. Na biyu a cika shi da tsakuwa, a yayyafa ƙasa kamar kaurin yatsa ɗaya a kai. Na uku a sa ƙasar da ciyawa ta riga ta kama, da saiwarta. Na huɗu ƙasa mai laushi mai taki. A jiƙa ƙwayar wake 20 ta kwana, a ba kowane gwangwani biyar. A na farko a bar su a sama, a sauran a binne su ba da zurfi ba.

Cikin kwana huɗu zuwa bakwai za a fara ganin tsiro. Na kan tsakuwa yakan fito da wuri, kamar yadda misalin ya faɗa. Amma in an ajiye shi a inuwa ana ba shi ruwa safe da yamma, zai yi ta girma, darasin ya rushe. A sa duka huɗun a rana, a ba su ruwa daidai wa daida, rabin kofi bayan kwana biyu-biyu. Ruwa in ya yi yawa iri ruɓewa yake yi, don saiwa ma tana bukatar iska. Kuma ku shuka wasu huɗun a gida. Kaza ko ɓera ba su san da darasi ba, ko da yake in tsuntsu ya tsince na gwangwanin farko, ya yi muku rabin aikin.

Man goge baki

A matse shi a faranti, a ba yaro cokali ya mayar da shi cikin robarsa. Ba zai iya ba. Magana zarar bunu ce. A karanta Afisawa 4:29, a ƙare da abin da mutum zai yi in ya riga ya faɗa: ya je ya nemi gafara.

Inda misali yakan koyar da ƙarya

Kowane misali yana da iyaka, kuma aikin malami ne ya san inda ta ke. Wurin da aka fi zamewa shi ne koyarwar Allah Uku-Cikin-Ɗaya. Wasu kan kawo ruwa da ƙanƙara da tururi. Wannan yana koya wa yaro cewa Allah mutum ɗaya ne mai sauya kama, yau Uba, gobe Ɗa. Amma a baftismar Yesu (Matiyu 3:16-17) Ɗan yana fitowa daga ruwa, Ruhu yana saukowa, Uban yana magana, duk a lokaci ɗaya. Wasu kan kawo ƙwai: ɓawo, fari da gwaiduwa. Shi kuma yana koyar da cewa kowannensu kashi ɗaya ne cikin uku na Allah. A ganinmu gara a bar kaya a jaka ranar wannan darasi, a karanta labarin baftismar, a gaya wa yara gaskiya cewa ba abin da ke ɗakin nan da ya yi kama da Allah.

Haka kuma a daina nuna zunubi da baƙin launi, tsarki da fari. Yaro yana duban fatarsa. Ishaya 1:18 da ja ya kwatanta zunubi. Tabo ko datti a tsumma ya wadatar.

Akwai darasin wanke zunubi da ake ɗiga aidin, maganin da ake shafa wa ciwo, a ruwa ya yi ja-ja-ja, sannan a zuba bilic, ruwan wanke fararen kaya, ya washe. Bilic yana ƙona ido da fata, ba abin kawowa cikin yara ba ne. Ƙwayar bitamin C da aka daka aka jiƙa tana washe aidin haka nan. Ko da ita, ruwan ba na sha ba ne. Ku kuma faɗa musu abin da ke cikin kofin. Malami ba mai dabo ba ne. In yara sun fita suna tambayar "ya aka yi?" ba wanda ya tuna ayar, kayan sun cinye darasin.

Wani lokaci abu ɗaya yana da ma'ana biyu. Yisti a Matiyu 13:33 misalin Mulkin Sama ne, a 1 Korintiyawa 5:6 kuwa misalin mugunta mai yaɗuwa. In za ku nuna shi, ku haɗa cokalin shayi ɗaya na yisti da ɗaya na sukari a rabin kofin ruwa mai ɗumi kamar jiki, cikin minti goma zai yi kumfa. Ruwan zafi yana kashe shi, mai sanyi kuma yana sa shi nawa. Ku faɗi wace ayar kuke kai, kada a haɗa biyun rana ɗaya.

Matasa

Daga shekara 12 zuwa sama, nuna-ka-faɗa ya fara yi musu kama da wasan yara. Sai a juya aikin. A raba su uku-uku, a ba kowane rukuni aya ɗaya da minti goma, su nemo abin da zai nuna ta daga aljihunsu ko cikin ɗakin: makulli, madubi, takalmi, takardar kuɗi. Takardar kuɗi ko an cukuikuye ta an taka, darajarta ba ta ragu ba, wannan kuwa magana ce mai shiga zuciyar matashin da ke ganin ya riga ya lalace. A haɗa ta da Luka 15:8-10, macen da ta kunna fitila ta share gida saboda tsabar kuɗi ɗaya cikin goma da ta ɓace mata.

Bayan kowane rukuni ya gama, a yi musu tambaya ɗaya: "A ina misalinku ya gaza?" Kusan kullum wani zai ɗaga waya da caja don Yahaya 15:5, inda Yesu ya ce shi ne itacen inabi, mu ne rassan. Ku bar shi ya gama, sannan ku tambaya awa nawa waya take aiki bayan an cire ta daga wuta, reshen da aka sare kuma 'ya'ya nawa yake yi. Kada ku ba su amsar. Ku ba su minti biyu su yi gardama a kai, sannan mutum ɗaya ya sake karanta ayar daga farko.